Tsadar Cimaka da Abincin Mai Ciki: Gyara Daga Rumbu Yake Farawa

A gidajen likita na jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, duk ranar awon ciki ana zaunar da mata a yi masu faɗakarwa. Ana ce masu su ci ƙwai, su ci nama, su sha nono, su ƙara ganye a miya. Wannan shawara gaskiya ce. Amma mata da yawa kan koma gida su tarar babu abin da ke jiransu sai farau-farau da rana, da tuwo da dare. Sun ji darasi, sun kuma gane shi, sai dai abin da za a saka a tukunya ba a hannunsu yake ba. Wannan bayani zai duba halin da ƙasa ta shiga a ƴan shekarun nan, da yadda ya taɓa mata masu ciki, da kuma inda gyara ya kamata ya fara.

Halin da aka shiga daga 2023

A ƙarshen watan Yuli na 2023, bayan canjin mulkin da aka yi a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki da Najeriya da Benin. Shinkafa, mai, sukari da magungunan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi tsada. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma kaya masu yawa sun riga sun koma bin hanyar Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa, mai cin kuɗi.

Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Mutane fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka yi asarar gidaje, gonaki, rumbuna ko bisashe. Jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Gwamnati ta ɗauki matakai. Daga farkon watan Satumba na 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da na wasu ayyukan jinya a asibitocin gwamnati. A watan Oktoba na wannan shekara aka hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, domin cimaka ta wadata a kasuwannin gida.

A 2025 sai wata matsala ta ƙaru. Ƙasar Amurka ta yanke mafi yawan taimakon da take bayarwa ta hanyar hukumarta ta USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. Hukumar abinci ta duniya, PAM, ta sanar da cewa kuɗin aikinta a yankin Sahel sun kasa. Ma'anar wannan ga talaka ita ce, garin kunu da sauran tallafin da ake raba wa mata masu ciki a wasu wurare ba abin dogaro ba ne kullum.

Tun kafin waɗannan abubuwa, hukumar UNICEF ta yi gargaɗi. A rahotonta na watan Maris na 2023 ta nuna cewa a ƙasashe 12 da matsalar cimaka ta fi tsanani, mata masu ciki da masu shayarwa da ke fama da tamowa sun ƙaru daga miliyan 5 da rabi a 2020 zuwa kusan miliyan 7. Nijar na cikin ƙasashen, tare da Najeriya, Cadi, Mali da Burkina Faso.

Me ya sa mai ciki ke fara jin jiki?

Dalili na farko yana cikin jikinta. Mai ciki tana ciyar da rai biyu. Jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, domin ya kai abinci ga ɗan da ke ciki. Mace mai lafiya takan ƙara nauyin kilo 10 zuwa 14 kafin ta haihu. Daga wata na huɗu zuwa haihuwa tana bukatar kwano ɗaya na ƙari kowace rana, bayan abin da ta saba ci.

Dalili na biyu yana cikin tsarin gida. A gidaje da yawa ana fara zuba wa mai gida da baƙi, sannan yara, sannan mai girki ta ci abin da ya rage. Idan tukunya ta ragu, rabonta ne ke fara raguwa. Sau da yawa ita da kanta take haƙura don yaranta su ƙoshi.

Dalili na uku shi ne lokaci. Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, aikin gona ya yi yawa, masassarar cizon sauro kuma ta bazu. Macen da cikinta ya tsufa a wannan lokaci tana noma, tana daka, tana ɗibar ruwa da itace, alhali abin da take ci bai kai abin da jikinta ke ƙonewa ba.

Dalili na huɗu shi ne ƙuruciya da haihuwa kusa da kusa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa mata 3 cikin 4 an aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba, ita da ɗan cikinta suna rabon abinci guda. Macen da ta yi kwanika kuwa, jikinta bai mayar da abin da ya rasa ba wani cikin ya shigo.

Abin da ƙarancin abinci ke jawowa

Babbar illa ita ce ƙarancin jini. Binciken na 2012 ya gano cewa fiye da rabin mata masu ciki a Nijar suna da shi. Alamunsa su ne kasala, jiri, bugun zuciya, haki bayan ɗan ƙaramin aiki, da farin ido da tafin hannu. Kwaɗayin cin farar ƙasa ma sau da yawa alama ce tasa. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, kuma macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita tana iya kai ta kabari.

Illa ta biyu tana kan jariri. Wanda aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba ya fi saurin kamuwa da ciwo, ya kuma fi shiga haɗari a watansa na farko. Binciken tamowa na ƙasa na 2022 ya nuna cewa kusan rabin yara ƴan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi yawa. Masana sun tabbatar da cewa wannan tsumburewa takan faro tun daga cikin uwa. Shi ya sa ake maganar kwana 1000 na farko, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara 2. A cikinsu ne jiki da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, abin da aka rasa a lokacin kuma yana da wuyar mayarwa.

Akwai masu cewa mai ciki ta rage ci don kada ɗa ya yi girma, haihuwa ta yi wuya. Tsoronsu yana da dalili, domin sun ga doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Amma rage ci ba ya sauƙaƙa haihuwa, ƙarfin uwa yake ragewa. Doguwar naƙuda ta fi zuwa daga ƙanƙantar ƙugu, ga macen da ta tsumbure tun tana yarinya ko ta ɗauki ciki da ƙuruciya, ko kuma daga kwanciyar ɗa ba daidai ba. Maganin wannan shi ne awon ciki da haihuwa a likita.

Darasin 2005

Waɗanda suka manyanta suna tune da 2005. Fari da fara sun ɓata daminar 2004, farashin hatsi ya hau, cibiyoyin jinyar tamowa a Maraɗi da Damagaram suka cika da yara. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, waɗannan jihohi su ne rumbun ƙasa, kuma akwai hatsi a kasuwanninsu. Talaka ne bai da kuɗin saye. Da yawa sun sayar da amfanin gonarsu da araha a lokacin kaka don biyan bashi, suka dawo suna neman sa da tsada a damina.

Bayan wannan shekara an samu ci gaba. A 2005 da 2006 gwamnati ta mayar da fiɗa ta haihuwa, awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. An buɗe cibiyoyin kula da tamowa a gidajen likita masu yawa. Sai dai ƙarfin aikin ya fi karkata ga jinyar yaron da ya riga ya rame. Uwar da za ta haifi na gaba ba ta samu kulawa daidai da haka ba. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, rigakafin tamowar yaro kuwa shi ne kwanon uwarsa.

Ina faɗakarwa ke tsayawa?

Faɗakarwa tana da amfani. Tana kawar da camfi, kamar hana mai ciki ƙwai ko naman raƙumi, alhali babu wata cuta da suke yi mata ko ɗanta. Tana koyar da haɗa abinci da tsabta. Amma hukumar lafiya ta duniya, OMS, a shawarwarinta na 2016, ta nuna cewa a wuraren da mata da yawa ke da rama, ana bukatar a haɗa koyarwa da ƙarin abinci mai ba da ƙarfi da gina jiki.

Akwai kuma tambayar wa ake koya wa. A karkara mabuɗin rumbun gandu yana hannun mai gida. Shi ke yanke shawarar wake nawa za a sayar, nawa za a ajiye. A wasu gidaje idan zai tafi cin rani yakan rufe rumbu sai damina, mace ta ciyar da kanta da yara daga ɗan abin da ta noma a gamanarta ko daga sana'arta. Uwar miji kuma ita ke faɗin abin da amarya za ta ci da wanda za ta bari, da ranar da za a bayyana ciki. Idan darasi ya tsaya ga mai ciki kaɗai, an koya wa wadda ta fi kowa ƙarancin iko a gidan.

An gwada wata hanya a jihar Damagaram tun 2008, wato makarantar mazaje, da taimakon hukumar UNFPA. Magidanta masu mutunci a gari sukan taru su tattauna lafiyar iyali, su ja hankalin ƴan uwansu maza. A wuraren da aka yi haka, mata masu zuwa awo da masu haihuwa a likita sun ƙaru. Irin wannan zama ya dace ya ɗauki maganar abinci ma.

Abinci mai gina jiki da ke kusa da mu

Abincin mai ciki ba sai na kanti ba. Ana iya raba abin da muke da shi gida uku, a yi ƙoƙari kowace rana a ci daga kowane gida.

1. Masu ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, man gujiya da man shanu.

2. Masu gina jiki: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, awara, riɗi, daddawa, nono, ƙwan kaza ko na zabo, busasshen kifi, fara, nama, da hanta kaɗan sau ɗaya a sati.

3. Masu kare jiki: zogala, kuka, rama, yakuwa, tafasa, lalo, ganyen wake, kabewa, karoti, tumatir, mangwaro, gwaba, lemu, magarya da garin ɗanyen kuka.

Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Wake da hatsi idan sun haɗu a kwano ɗaya suna gina jiki fiye da kowanensu shi kaɗai. Ɗan wake, dambun zogala da ƙuli-ƙuli, kunun hatsi da aka dama da gujiya, fura da nono, duk abinci ne na gari, kuma sun fi araha bisa nama.

Ga wasu dubaru da ba su cin kuɗi:

A jiƙa wake da hatsi kafin dafuwa, ko a bari ƙullu ya ɗan yi tsami. Haka na sa jiki ya fi jan sinadarin ƙarfe, wanda shi ke gina jini.

A haɗa abinci da abu mai tsami, kamar lemu, tumatir ko garin ɗanyen kuka. Shi ma yana taimakon jan sinadarin ƙarfe.

Kada a sha shayi ko kafe tare da abinci, domin suna hana jiki jan wannan sinadari. A bar aƙalla awa ɗaya tsakani.

A shanya ganye a inuwa, kada a daɗe ana tafasa shi, a kuma saka ɗan mai a miyar.

A yi amfani da gishiri mai sinadarin iyod, wanda ke kare uwa daga maƙoƙo, yake kuma taimakon ƙwaƙwalwar jariri. Kaɗan ya isa.

A tafasa madarar da aka tatso kafin a sha. A zubar da gujiyar da ta yi funfuna. A guji farar da aka kashe da maganin feshi.

Idan tashin zuciya ya dame ta a watannin farko, mai ciki ta riƙa cin kaɗan kaɗan sau da yawa, ta kuma sha ruwa mai tsabta sosai.

Abin da awon ciki ke ƙarawa

Ko da abinci ya wadata, da wuya shi kaɗai ya biya bukatar jinin mai ciki. Shi ya sa awo yake wajibi. OMS ta ba da shawara a ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko cikin wata uku na farko. Kunyar cikin fari ko tsoron baki kada su sa a jira sai ciki ya fito.

A wurin awo ana ba da ƙwayar ƙarin jini, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe da asid folik. Ana shan ɗaya kowace rana har haihuwa, a ci gaba bayanta yadda aka faɗa. Takan sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci ta tayar da zuciya. Wannan ba cuta ba ce. A sha ta da dare ko bayan cin abinci, kada a daina.

Ana ba da maganin rigakafin masassarar cizon sauro daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, da tazarar wata ɗaya. Masassara tana fasa ƙwayoyin jini, tana kuma rage nauyin jariri, saboda haka mai ciki ta kwana cikin sange kowane dare. Ana ba da maganin tsutsar ciki bayan wata uku na farko. Ana auna nauyi, hawan jini da kaurin damtse. Wadda damtsenta ya yi siriri ƙwarai tana bukatar ƙarin abinci da kulawa ta musamman.

Idan aka ga zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi, ko ɗa ya daina motsi, a tafi likita nan take, dare ko rana.

Aikin da za a yi tun kaka

Tun ran gini, tun ran zane. Abin da mai ciki za ta ci a watan Agusta, a watan Oktoba ake yanke shawararsa. Ga abin da magidanta da iyayen gida za su iya yi:

1. Kafin a kai wake da gujiya kasuwa, a ware rabon mai ciki da mai shayarwa. A zuba wake a buhu mai ninki uku ko a jarka mai murfi, a toshe iska. Ƙwari ba su rayuwa a ciki, ba sai an saka magani ba.

2. A tsinki ganyen wake, kuka, yakuwa da zogala lokacin da suke da yawa, a shanya, a adana don rani. A dasa zogala a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke zuba.

3. Inda akwai bankin cimaka ko tsarin jinginar amfanin gona, a shiga. Manomi yana ajiye hatsinsa a sito, ya karɓi rance, ya fanshe shi lokacin da farashi ya hau, maimakon ya sayar da araha.

4. Mai tafiya cin rani ya bar wa iyalinsa abin da zai kai su, ya bar mabuɗi ga wadda ke girki.

5. A bar wa mai ciki ƙwai biyu ko uku a sati daga kajin gida, da nonon akuya. Jar akuyar Maraɗi ta shahara wajen nono da yawan haihuwa, tsarin habbanaye kuma yana ba mace marar hali damar samun tata.

6. A rage mata aiki, musamman a wata uku na ƙarshe. Kishiya, ƙanwar miji, samarin gida da shi kansa mai gida su karɓi ɗibar ruwa, itace da daka. Rage aiki kamar ƙara abinci ne.

7. A zuba mata nata kwano tun farko, kada ta jira ragowa.

Ƙungiyoyin mata ma suna da rawar takawa. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, ya nuna cewa zubin kowane sati, komai ƙanƙantarsa, yana zama jari. Asusu na iya sayen wake a kaka ya ajiye don membobinsa masu ciki, ko ya ware kuɗin mota don ranar naƙuda.

Nauyin da ke kan hukumomi

Gida ba zai iya ɗaukar komai ba. Macen da ambaliya ta cinye gonarta, ko mijinta ya rasu, ko rashin tsaro ya kore ta daga garinsu, ba ta da rumbun da za a ware mata rabo. Irin waɗannan suna bukatar tallafin cimaka ko na kuɗi, kuma a lokacin sayar da hatsi da rahusa ko rabon kyauta ya dace a sa masu ciki a sahun gaba.

Wajibi ne kuma ƙwayar ƙarin jini da maganin masassara kada su yanke a gidajen likita. Macen da ta yi tafiyar kilomita masu yawa a ƙasa ta tarar babu magani, da wuya ta dawo. Tun da taimakon waje ya ragu, kasafin kuɗin ƙasa da na ƙananan hukumomi ne ya kamata su ɗauki wannan nauyi, domin kuɗin ƙwayar ƙarin jini bai kai kuɗin jinyar yaro mai tamowa ko ƙarin jini a asibiti ba. Tsayar da ƴan mata a makaranta da ba da tazara tsakanin haihuwa su ma suna cikin maganin.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Macen da ta ƙoshi ita ke haihuwa da ƙarfi, ta shayar da kyau, ta koma aikinta da lafiya. Masu karatu a ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, za su iya kai wannan magana gida da majalisa tun kafin kaka ta gaba: a tambayi kowane gida mai mace mai ciki, tiya nawa ta wake aka ware mata, wa zai karɓi tulunta, kuma yaushe za ta je awo.